Yadda Ake Rubuta Labarin Tafiya Zuwa Ƙasashen Nesa

Da Marko Polo, matafiyin nan ɗan birnin Venis na Italiya, ya biyo ta tsibirin Sumatra na Indunusiya wajen shekarar 1292, a hanyarsa ta komawa gida daga ƙasar Sin, ya yi arba da karkanda. Bai taɓa ganin irinta ba, amma ya san tatsuniyar Turawa ta wani doki kyakkyawa mai ƙaho ɗaya a goshi. Sai ya ba da labari cewa ya ga dabbar nan da ake faɗa, sai dai mummuna ce, kuma ba abin da take so kamar birgima cikin taɓo. Idonsa bai yaudare shi ba, don siffar da ya bayar ta karkanda ce sak. Sunan da ya laƙa mata ne ya taho da shi daga gida. Duk wanda zai rubuta labarin wata ƙasa mai nisa da al'adun mutanenta, da wannan zai yi ta fama tun daga ranar tashi har ranar bugawa: abin da ya gani daban, abin da aka gaya masa daban, abin da ya zata kuma daban. Mai karatu bai je ba, kai ne idonsa, saboda haka haƙƙinsa ne ya san wanne daga cikin ukun kake miƙa masa a kowane layi. Sauran matakan duk a kan wannan aka gina su.

Kafin ka sayi tikiti

Fara da tambaya ɗaya wadda kai kanka kake son jin amsarta. Wanda ya ce zai rubuta a kan Indiya bai zaɓi komai ba tukuna, domin ƙasa ce mai mutane fiye da biliyan 1.4, kuma kundin tsarin mulkinta kaɗai ya lissafa harsuna 22. Amma wanda ya ce yana son ya san yadda masu dakon abincin rana na birnin Mumbai suke karɓo kwano daga gidan mutum su kai masa ofis ta jirgin ƙasa da keke, sana'ar da ta faro tun wajen 1890, ba tare da kwanukan sun cakuɗe ba, to wannan ya samu abin bi. Ya san inda zai tsaya da safe, ya san wanda zai nema, ya kuma san ranar da aikinsa ya kammala. Haka wanda ya nufi Istanbul: maimakon ya ce zai ba da labarin birnin, gara ya shiga jirgin ruwan da ke ɗaukar ma'aikata kullum tsakanin Kadikoy a ɓangaren Asiya da Eminonu a ɓangaren Turai, ya ga su wa ke ciki da asuba, su wa ke ciki da almuru. Tambayar tana iya sauyawa in ka isa, kuma sau da yawa wadda ka tarar a can ta fi wadda ka je da ita. Ba laifi. Wanda ya je da tambaya ne ke gane wadda ta fi ta.

Daga nan sai karatu. Nemi taƙaitaccen tarihin ƙasar, ka bi jaridunta na intanet na 'yan makonni, ka karanta abin da marubutanta suka rubuta game da kansu, ko da fassara ce. Rubutun baƙi irinka da suka riga ka zuwa, bar shi a ƙarshe, kuma kada ka cika cikinka da shi, don in ka yi haka za ka sauka kana neman abin da suka gani, ka dawo kana maimaita jimlolinsu ba ka sani ba. Shimfiɗa taswira ka san ina kogi yake, ina dutse, ina iyaka, wace ƙasa ce maƙwabciya. Yawancin abin da zai ba ka mamaki a abincin mutane da gininsu da tufafinsu, amsarsa tana kan taswira.

Duba kalandar wurin da kyau. A tsibirin Bali na Indunusiya akwai ranar Nyepi, wadda galibi take faɗowa a watan Maris: awa 24 ba fita, ba aiki, ba kunna fitilu, har filin jirgin sama rufe shi ake yi. Wanda ya sani zai iya shirya tafiyarsa musamman don ya shaidi ranar, wanda bai sani ba zai wuni a ɗakin otal yana cizon yatsa. A Habasha shekara wata 13 ce, sabuwar shekara tana kamawa a Satumba, kuma lissafin shekarunsu yana bayan na miladiyya da shekara bakwai zuwa takwas. Agogonsu ma daga fitowar rana yake fara ƙirga, wato in wani ya ce ku haɗu ƙarfe biyu na safe, mai yiwuwa takwas yake nufi a agogon wayarka. Tambayi wane agogo ake magana a kai. A Tromso ta ƙasar Norwe kuwa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta ɓullowa sam.

Koyi abin da ya samu na harshen: gaisuwa, godiya, neman afuwa, ƙirga, da yadda ake cewa mene ne wannan. Al-Biruni, wanda ya kammala littafinsa a kan Indiya wajen 1030, sai da ya koyi Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, ya karanta littattafan malaman Hindu da kansa, shi ya sa har yau masana ke komawa ga abin da ya rubuta. Ba kowa ke da shekarun da zai yi haka ba. Amma kalma hamsin ma tana sa mai shago ya ɗago kai ya dube ka da wani ido.

Takardu da dokoki

Nan ba sai an daɗe ba, amma sakaci da shi na iya kashe tafiyar tun a filin jirgi. Ƙasashe da yawa suna son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Bizar yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ta ɗan gajeren zama kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma katin kansa dole ya kasance a hannunka in ƙasar tana nema. Ƙasar Butan, maƙwabciyar Indiya, tana karɓar dala 100 a kowane dare daga yawancin baƙi tun Satumban 2023, ban da kuɗin masauki da abinci. Duk wannan ka tabbatar da shi a shafin ofishin jakadancin ƙasar dab da tafiya, don dokokin shige da fice ba sa zama wuri ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafi marubuci musamman. Wasu ƙasashen, irin su Indiya da Amurka, suna da biza ta daban ga 'yan jarida, kuma yin aikin jarida da bizar yawon buɗe ido laifi ne a wurinsu. In wata jarida ce ta aike ka, bincika wannan tun da wuri. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto, kwastan na Maroko da Masar suna ƙwace shi in ba ka da izini. A Tailan, sashe na 112 na dokar laifuka ya tanadi ɗaurin shekara uku zuwa goma sha biyar ga wanda ya ci mutuncin sarki, kuma rubutun intanet yana ciki. Japan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suna da tsauri kan wasu magunguna da ake sha ba fargaba a wasu ƙasashe, saboda haka tafi da takardar likita. Kada ka ɗauki hoton barikin soja, ko shingen 'yan sanda, ko kan iyaka, a ko'ina ne.

Littafin aljihu

Wannan ne jarin marubucin tafiya, kuma a nan aka fi yin asara. Ibn Batuta ya bar Tanja a 1325, bai zauna gida sosai ba sai 1354, sa'an nan Sarki Abu Inan na Fas ya sa Ibn Juzayy ya rubuta labarin daga bakinsa. Shi da kansa ya faɗa cewa ya kwafi rubuce-rubucen da ke kan kaburburan malaman Buhara, amma takardun sun salwanta lokacin da 'yan fashin teku suka washe shi a gaɓar Indiya. Tafiyar kusan shekara talatin daga ka aka zubo ta. Shi ya sa shekaru suka rikice a wurare da dama, kuma masana suka gano cewa bayanin wasu biranen, kamar Dimashƙa da Makka, an ɗebo sassa daga rubutun Ibn Jubair aka cike giɓi. Shi kuwa Ibn Jubair, wanda ya tashi daga Garnada a 1183 ya dawo a 1185, wata-wata yake rubuta nasa da kwanan wata, shi ya sa ya zama abin dogaro har wani ya ara. In za ka yi koyi, yi koyi da Ibn Jubair a wajen tsari.

Sayi ƙaramin littafi mai shiga aljihu da biro biyu, ka haɗa da fensir don ruwan sama da tsananin sanyi suna hana biro aiki. Waya tana da amfani, amma mutum in ya ga kana latsa waya yana zaton hankalinka na wani wuri, in kuwa ya ga kana rubutu a takarda sai ya ga ka ɗauki maganarsa da muhimmanci, har ya karɓi biron ya gyara maka rubutun sunan garinsu. A saman kowane shafi sa kwanan wata da wuri da lokaci. Sa'an nan ka ƙirƙiro alama uku da za ka riƙa sawa a gefen layi: ɗaya ta abin da ka gani ko ka ji da kanka, ɗaya ta abin da wani ya gaya maka tare da ko wane ne, ɗaya ta abin da kake zato. Yau kana ganin ba za ka manta ba. Bayan wata biyu, hirar direban tasi da abin da ka karanta a allon gidan tarihi da tunanin da ya zo maka a mota duk za su narke su zama abu ɗaya a kanka, kuma duk za su yi kama da gaskiyar da ka shaida.

Me za ka rubuta? Abin da hoto ba zai riƙe maka ba. Ƙarar da ke tashe ka da safe. Warin tashar jirgin ƙasa. Yadda ake miƙa kuɗi, da hannu ɗaya ko biyu, a tafin hannu ko a ɗan faranti kamar yadda ake yi a shagunan Japan. Wa ke fara cin abinci, wa ke zama kusa da ƙofa, me yara ke wasa da shi, me aka rubuta a bayan motoci. Ƙirga abin da ke ƙirguwa: matakala nawa, minti nawa aka yi ana jira, mutum nawa a layi. In ka rubuta cewa kasuwa tana da kyau, ba ka adana komai ba, don bayan ka dawo ba abin da za ka iya ginawa a kan kalmar kyau. In ka rubuta cewa mai sayar da rumman ya tsaga guda ya kifa shi a saman tulin don a ga jan cikinsa, ka dawo da abin da mai karatu zai gani. Maganar mutane kuma rubuta ta nan take yadda ta fito, kafin ƙwaƙwalwarka ta yi mata kwaskwarima.

Kowane dare, komai gajiya, zauna rabin awa ka cike abin da ka taƙaita da rana. Bayan nan ka ɗauki hoton shafukan ka tura wa kanka ta imel. Jaka na iya ɓata, littafi na iya faɗawa ruwa.

Zauna wuri ɗaya

Kwaɗayin ganin gari bakwai a kwana goma shi ke haifar da rubutun da ba komai cikinsa sai tasha da otal. Gara gari biyu, ko ma unguwa ɗaya. Zaɓi wani wuri, shagon shayi ko bakin gada ko benci a dandali, ka riƙa komawa a lokuta daban-daban. Zuwan farko kai baƙo ne, na uku an fara gane fuskarka, na biyar wani zai tambaye ka me kake ta rubutawa, daga nan hira ta buɗe. Dandalin Registan na birnin Samarkand a Uzbekistan da makarantunsa uku, wadda sarki Ulug Beg ya gina tsakanin 1417 da 1420 da biyun da aka ƙara a ƙarni na 17, dubban mutane sun siffanta shi, kuma da wuya ka fi su. Je ka gani, ya cancanci gani. Amma labarin da ba a gaji da shi ba yana wajen mai gasa burodi a tanderu bayan dandalin, da dalilin da ya sa ba a kifa burodi a ƙasar Uzbekistan, ba a kuma yanka shi da wuƙa a kan tebur sai dai a gutsura da hannu. Shiga motar haya, je wurin aski, leƙa kantin magani, tsaya ƙofar makaranta lokacin tashi. Kuma ka bar rana ɗaya ba tare da shirin komai ba.

Mutane da tafinta

Da ɗan gari akan ci gari, amma ka san wane ɗan gari ka samu. Ɗan jagoran da ke yawo da baƙi kullum ya san labarin da ke sa su dariya da wanda ke sa su buɗe jaka, kuma wani labarin an goge shi da yawan faɗa har ya rabu da asalinsa. Saurare shi, rubuta, sa masa alamar ji. Sa'an nan ka yi wa wasu mutum biyu ko uku da ba su san juna ba tambaya ɗaya: tsoho da matashi, mace da namiji, ɗan birni da ɗan ƙauye. In amsoshin sun sha bamban, kada ka zaɓi wadda ta fi daɗi ka jefar da sauran. Saɓanin kansa labari ne, kuma shi ke nuna wa mai karatu cewa mutanen can ma suna gardama a kan al'adunsu kamar kowa.

In da tafinta kake aiki, ku yi yarjejeniya tun farko cewa zai faɗa maka duk abin da aka ce, ba taƙaitawa. Za ka ga mutum ya yi magana ta minti biyu, tafinta ya juyo ya ce maka wai ya ce e. Roƙe shi ya koma ya kawo sauran. Dubi mai maganar lokacin da kake tambaya, kada ka dubi tafinta. Ahmad Ibn Fadlan, wanda halifan Bagadaza ya aika zuwa bakin kogin Volga, ya halarci jana'izar wani shugaban mutanen Rus, fatake daga arewacin Turai, a 922, inda aka ƙone gawar a cikin jirgin ruwa. Abin da ya sa bayaninsa ya yi ƙarko shi ne yana ta tambayar tafintansa ma'anar abin da ake yi, kuma a rubutun yana nuna inda idonsa ya tsaya da inda bakin tafinta ya karɓa.

Gaya wa mutane cewa kai marubuci ne kuma abin da suka faɗa zai iya fita duniya. Nemi izini kafin ka kunna rikoda. A ƙasar da magana kan gwamnati ko addini ke iya kai mutum gidan yari, kai za ka hau jirgi ka tafi, shi kuwa yana nan. Sauya sunansa, cire sana'arsa da unguwarsa in za su tona shi, ka kuma shaida wa mai karatu cewa ka sauya.

Ka lura kuma da cewa ba kowace magana ake nufinta yadda ta fito ba. A Iran akwai ladabin da suke kira ta'aruf: direba zai ce ka bar kuɗin, mai shago zai ce kayan ba su kai a biya ba. Ana jiran ka nace ne, ka biya. Baƙon da ya sa kuɗinsa aljihu ya tafi, ya dawo ya rubuta cewa a Tehran kyauta ake shiga tasi, ya cuci direba ya kuma cuci mai karatu.

Abin da ya ba ka mamaki, ko ya ba ka ƙyama

A nan ake gane marubuci. Duk abin da ya zo maka baƙo, ɗauka cewa yana da dalili, ka tafi neman dalilin kafin ka yanke hukunci. Baƙo a Madrid zai ga ba a cin abincin dare sai tara ko goma, ya yi saurin cewa mutanen ba su san darajar lokaci ba. Alhali tun 1940 aka tura agogon Sifaniya gaba da awa ɗaya ya daidaita da na tsakiyar Turai, ko da yake a taswira ƙasar tana layi ɗaya da Ingila, saboda haka agogo na gaba, rana na baya. A Japan ba a soka tsinken cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci. A Uzbekistan in mai gida ya zuba maka shayi kaɗan a kofi, girmamawa ce: yana son ya yi ta ƙara maka da hannunsa, shayin kuma bai huce ba. Har abin da ya fi waɗannan nauyi, kamar yadda wasu mutanen Tibet ke miƙa gawa ga ungulaye a kan tsauni, yana da tushe a aƙidarsu ta Buda game da gangar jiki bayan rai ya fita, yana kuma da tushe a ƙasar kanta, mai duwatsu da daskarewa da ƙarancin itace.

Neman dalili ba ya nufin ka yarda da komai. Kana da addininka da ra'ayinka, kuma rubutun da marubucinsa ba ya da ra'ayi lami ne. Abin da ake so shi ne tsari: fara siffanta abin yadda mai yin sa zai karanta ya ce e, haka muke yi, ka kawo dalilin da su suke bayarwa, sa'an nan in kana da magana ka faɗe ta da sunanka. Zuzutawa ma cuta ce irin ta raini. Wanda ya kwana huɗu a ƙasa ya dawo yana cewa can ba ɓarawo, ba maƙaryaci, kowa murmushi yake, bai ga mutane ba, ya ga ma'aikatan otal ne.

Yi hattara da cewa abu tun kaka da kakanni ake yin sa. Bikin tunawa da matattu na Meksiko, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, tsoho ne, amma gagarumin jerin gwanon da ake yi a babban birnin ƙasar a 2016 aka fara shi, bayan wani fim ya nuna irinsa. Haka kalmar ganowa. An daɗe ana rubuta cewa Ba'amurke Hiram Bingham ya gano Machu Picchu, kufan tsohon birni a tsaunukan Peru, a 1911, alhali mutanen yankin ne suka kai shi, kuma ya tarar da manoma suna noma a wurin.

Hoto kuma a nemi izini, musamman na mata da yara da masu ibada. A unguwar Gion ta birnin Kyoto a Japan, tun 2019 aka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, da tarar yen 10,000, saboda yadda baƙi suka addabi mata masu sana'ar geisha, wato nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗan gargajiya. A birnin Baranasi na Indiya ba a ɗaukar hoton wurin ƙona gawa na Manikarnika. Dutsen Uluru na Ostireliya an rufe hawansa a Oktoban 2019 bisa buƙatar mutanen Anangu, 'yan asalin yankin, kuma akwai sassansa da suka roƙi kada a ɗauka.

Bayan ka dawo

Bari 'yan kwanaki su wuce, sa'an nan ka karanta littafinka daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka rubuta komai ba. Abin da ya tsaya maka a rai bayan ka rufe shi, shi ne ƙashin bayan labarin. Gwada faɗarsa a jimla ɗaya. In ya ƙi faɗuwa, ba ka shirya ba, ko kuma labari biyu ne kake son cusawa a riga ɗaya.

Ba dole ka bi jerin kwanaki ba. Haɗa kaya, jiran jirgi, abincin cikin jirgi, duk zubar da su sai in wani abu ya faru a nan wanda labarin ba zai tsaya ba sai da shi. Fara daga inda abu ke motsi: wani yana magana, wani yana aiki, an tsayar da kai a ƙofa an ce ka cire takalmi. Cikin sakin layi biyu ko uku mai karatu ya san ina ake, yaushe ne, me ya kai ka. Daga nan ka riƙa sassaɓawa tsakanin abin da ya faru a gabanka da bayanin da zai sa a fahimce shi. Tarihi kuwa a sa shi daidai inda ake bukatarsa. In kana tsaye cikin Aya Sofiya ta Istanbul kana kallon zanen Kiristoci a sama da sunayen halifofi a manyan alluna, nan ne wurin faɗin cewa an gama gina ta a matsayin coci a 537, ta zama masallaci a 1453, gidan tarihi a shekarun 1930, ta koma masallaci a 2020. In ka jibge wannan a farkon labari, tsallakewa za a yi.

Bi daftarin ka farauto kalmomin da ba sa ɗauke da komai: ban sha'awa, ban mamaki, ƙayatacce, aljannar duniya. Duk inda ka ga ɗaya, koma littafin aljihu ka nemo abin da ya sa ka faɗe ta, ka sa shi a gurbinta. Farauto kuma jimlolin da suka fara da mutanen ƙasar kaza duk. Mutum nawa ka zanta da su? In shida ne, ce shida, ko ka ce waɗanda na zanta da su. Kalmomin harshen wurin a sa kaɗan, inda babu madadinsu, a bayyana su sau ɗaya a wuce. Farashi a faɗe shi da kuɗin ƙasar tare da watan da shekarar da ka biya, kuma ka tabbata ka fahimci lissafin: a Iran, alal misali, takardar kuɗi da riyal take, amma a baki da toman ake ciniki, toman ɗaya riyal goma.

Kai kanka kana cikin labarin, amma kada ka tare hanya. Ciwon kan da ya kama ka a Kusko ta ƙasar Peru, birnin da ke kan tsayin kusan mita 3,400, yana da amfani in zai gaya wa mai karatu abin da tsayin ke yi wa jiki da yadda mazauna ke rayuwa da shi. In don a tausaya maka ne, cire shi.

Abin da ba ka da shi a rubuce ko a naɗe, kada ka sa shi cikin alamar zance kamar haka aka furta. Faɗe shi da bakinka. Kada ka haɗa mutum uku su zama ɗaya, kada ka ɗauko abin da ya faru ranar Talata a wani gari ka kai shi Juma'a a wani don ya fi armashi. Alamomin nan uku na gefen shafi su biyo ka har cikin rubutun: na ga, an ce mini, ina zato. Kowace shekara, kowane suna, kowane adadi, tabbatar da shi daga majiya biyu waɗanda ba kwafin juna suka yi ba. Wanda ya ƙi tabbata, cire shi ko da ya fi komai daɗi. In wani kamfani ko hukumar yawon buɗe ido ce ta biya maka jirgi ko masauki, faɗa a fili a cikin rubutun.

Karanta shi da ƙarfi, duk inda numfashinka ya sarƙe ka raba jimlar. Sa'an nan ka nemi ɗan ƙasar da ka rubuta a kanta, ko wanda ya daɗe a can, ya duba maka, ka ce ya nuna inda ka yi kuskure da inda ya ji an taɓa mutuncinsu. Kuskure ka gyara. Wurin da ya ji zafi kuwa ka sake dubawa: in gaskiya ce ka shaida kuma ka faɗe ta da adalci, tana iya zama. Bayan an buga, aika wa waɗanda suka ba ka lokacinsu, ko da ta WhatsApp ne, tare da hotunan da ka yi musu alkawari. In wani ya nuna maka kuskure daga baya, gyara a shafin, ka rubuta a ƙasa abin da aka gyara da ranar da aka gyara shi.